Yadda Ake Buga Filifa da Yadda Ake Kula da Injinta a Zafin Garwa

Injin wasan da Amurkawa ke kira finbol, mu kuma muke ce masa filifa kamar yadda muka tsinta a bakin masu Faransanci, akwati ne mai gilashi a sama inda ake buga ƙwallon ƙarfe a kan filin katako mai gangare don tara maki. Ba kowane ɗakin wasa ne ke da shi ba a Garwa ko Marwa da ke arewacin Kamaru, kuma wanda ya iso mana galibi tsoho ne da ya riga ya sha hannu a wata ƙasa. Kamfanin Williams, wanda ya ƙera da yawa daga cikin tsofaffin injinan, ya daina wannan sana'a tun 1999, don haka duk abin da ya lalace samun madadinsa sai an sha wuya. Wannan ne ya sa nake ganin ɗan wasa da mai ɗaki duka suna da haƙƙin injin a wuyansu.

Idan ka jefa kuɗinka, yawanci ƙwallo uku za a ba ka. Kuskuren da kusan kowane sabon shiga ke yi shi ne danna maɓallan dama da hagu a lokaci guda, wato masu ɗaga fukafukai, ƙananan sanduna biyun da ke ƙasan fili waɗanda ake bugun ƙwallo da su, alhali idan fukafukan biyu suka ɗaga tare ƙofar da ke tsakaninsu ƙara faɗi take yi, ƙwallon ya bi ta tsakiya ya wuce. Ka danna na ɓangaren da ƙwallon ya nufa kawai. Bayan haka ka koyi tare ƙwallo: idan ya gangaro a hankali, ka ɗaga fiffiken ka riƙe maɓallin har ƙwallon ya kwanta a gindinsa, sannan ka duba inda fitilu ke ƙyaftawa, domin nan ne maki yake. Da ka saki maɓallin ƙwallon zai fara gangarowa, kuma inda yake a kan fiffiken lokacin da ka buga shi ne zai yanke inda za shi. Bugun wuri yakan tura shi sama ta tsakiya, bugun da aka jinkirta har ya kai bakin fiffike kuwa yakan tsallakar da shi zuwa ɗaya gefen.

Waɗannan fukafukai kamfanin Gottlieb na Chikago ne ya fara sa su a 1947, kuma su ne suka raba wasan da caca. Birnin New York ya haramta injin a matsayin caca daga 1942 har 1976, lokacin da wani gwanin ɗan wasa, Roger Sharpe, ya buga shi a gaban majalisar birnin ya nuna cewa gwaninta ce ke aiki. Saboda haka ina roƙon duk mai ɗaki kada ya bari samari su riƙa ɗora kuɗi a kan maki, domin daga ranar da aka fara haka iyaye za su hana 'ya'yansu zuwa, kuma suna da gaskiya.

An yarda ka ɗan tunkuɗa injin da tafin hannu don karkatar da ƙwallo, amma a cikin akwatin akwai wani ɗan ƙarfe da ke reto a tsakiyar zobe, kamar ma'aunin magina, wanda idan ya taɓa zoben fiye da kima sai injin ya rubuta TILT, fukafukan su mutu, ƙwallonka ya tafi a banza. Duka da ƙafa ba ya cikin wasa.

Ga mai ɗaki kuwa, babban abokin gaba shi ne ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke rufe kogin Binuwai, ƙura takan shiga ta kowace kafa ta kwanta a kan filin katakon, ƙwallon ƙarfe mai kaurin milimita 27 da nauyin kusan giram 80 ya yi ta niƙa ta a kan fenti har zanen ya goge. A kowane mako a kashe injin, a zare gilashin a jingine shi inda ba za a taka ba, a kwashe ƙwallayen kafin a ɗaga filin, sannan a share da tsumma mai laushi wanda ba a jiƙa ba. Ruwa da sabulu suna kumbura katako. Kakin goge mota mai tauri, irin na karnoba, ya isa a shafa jifa-jifa. Ƙwallon da ya yi tsatsa ko ya sami tabo a jefar da shi, robobin da zafin Maris da Afrilu ya busar har suka tsattsage kuma a sauya su kafin su tsinke. Da dare a lulluɓe injin da zane.

Kada a ɗiga mai a sandar ƙarfen da ke shiga cikin koyil ɗin fiffike, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke jan sandar idan wuta ta shiga, domin an yi ta ne ta yi aiki a bushe. Na koyi wannan a kan injina: wani bakanike da na kira ya ga fiffiken hagu ya yi sanyi, ya ɗiga masa man keken ɗinki, kwana biyu abin ya yi kyau, bayan mako uku man ya haɗu da ƙura ya zama baƙin danƙo, sandar ta maƙale, koyil ɗin ya ɗau zafi har na ji ƙaurin roba daga bakin ƙofa. Da an goge sandar an sauya bututun robar da take zamewa a ciki, da an huta.

Sai batun wuta. Namu layin volt 220 ne, na Amurka kuwa 120, don haka injin da ya fito daga can ba a jona shi sai mai gyara ya tabbatar an daidaita taransifomarsa. A sa masa sitabilaiza, kuma idan an ɗauke wuta a zare filogi har sai ta dawo ta zauna. Fis ɗin da ya ƙone a maye shi da mai lamba iri ɗaya. Naɗa masa waya ko takardar sigari hanya ce ta ƙona allon lantarkin injin gaba ɗaya. A kan allon da yawa daga cikin injinan shekarun 1980 da 1990 akwai ƙananan batura uku da ke riƙe maki da saiti, waɗanda idan suka tsufa sukan zubar da ruwa mai cin tagulla, saboda haka a sauya su duk shekara, a rubuta ranar a jikin ƙofar kuɗi.

A ƙafafun injin akwai kusoshi da ake murɗawa don daidaita shi. Gangaren da aka saba ba injinan zamani shi ne kusan digiri 6.5, kuma tunda daɓen ɗakunanmu ba kasafai yake miƙe ba, a ɗora ma'aunin ruwa a kan filin katakon kansa bayan an zare gilashi, a murɗa har kumfan ya tsaya a tsakiya tsakanin dama da hagu.