Yadda ake haɗa jerin ƙofofi a BBS na Synchronet

A harkar BBS, wato kwamfutar da mutane ke kira ta waya ko ta intanet don saƙonni, fayiloli da wasanni, duk manhajar da ba a jikin BBS ɗin take ba amma mai kira yana iya buɗe ta daga jerin zaɓi, sunanta door, wato ƙofa. Wasanni ne suka fi yawa, irin su Legend of the Red Dragon da Seth Robinson ya fitar a 1989, da TradeWars 2002, sai kuma ƙofofin hira da na jefa ƙuri'a. Mai kira ya danna lamba, BBS ya ja gefe, manhajar ta karɓi layin, in ya gama ta mayar da shi inda ya taso. A ido aikin daƙiƙa ɗaya ne. A bayan fage kuwa, abu uku ne dole bakinsu ya zo ɗaya tsakanin BBS da ƙofa: irin takardar da za a rubuta, inda za a ajiye ta, da hanyar da rubutu zai bi ya kai wa mai kira. Galibin ƙofofin da suka ƙi buɗuwa, a ɗaya daga cikin ukun nan aka samu saɓani.

Bayanin zai bi Synchronet, wanda Rob Swindell ya soma tun farkon shekarun 1990, kuma yake aiki a Windows da Linux har yau. Mai amfani da wani tsarin BBS kamar Mystic ko WWIV zai ga sunayen filaye sun bambanta, amma aikin iri ɗaya ne.

A fara da takardar, don ita ce ginshiƙi. Kafin BBS ya buɗe ƙofa, yana rubuta ɗan ƙaramin fayil na rubutu mai ɗauke da sunan mai kira, da matakinsa, da mintunan da suka rage masa, da lambar layin da yake kai. Ka ɗauke ta a matsayin takardar rakiya da ake ba baƙo ya miƙa a bakin ƙofa. Tana da iri-iri, domin a da kowane BBS nasa ya ƙirƙira. DOOR.SYS ya fi yaɗuwa, layi 52 ne: layi na 1 tashar COM, na 4 lambar nod (wato layin da mai kira yake kai), na 10 cikakken suna, na 19 mintunan da suka rage. DORINFO1.DEF na gidan RBBS da QuickBBS ne, CHAIN.TXT na WWIV, XTRN.DAT na Synchronet kansa. Sabbin ƙofofi DOOR32.SYS suke so, mai layi 11, inda layin farko yake faɗin irin haɗin, 0 in a kan injin ake zaune, 1 na waya, 2 na telnet (kira ta intanet), layi na biyu kuma ya ba da lambar soket, wato haɗin da mai kira ya shigo ta kansa. Kada ka yi kintace. Buɗe fayil ɗin bayani da ya zo da ƙofar, ka ga waɗanda take karantawa. Abin lura kuma, layi na 14 a DOOR.SYS gurbin kalmar sirri ne, saboda haka ba kowace manhajar da aka tsinta a intanet ake miƙa wa wannan takarda ba.

Kowace ƙofa a ba ta foldarta a ƙarƙashin xtrn, misali /sbbs/xtrn/lord. In ta DOS ce, sunan folda kada ya wuce harafi 8, kuma ban da tazara a ciki.

Sai ka buɗe scfg, manhajar saitin Synchronet, ka shiga External Programs, daga nan Online Programs. Abin da za ka fara gani rukunoni ne, ba ƙofofi ba. Danna Insert ka ƙirƙiri rukuni, ka ba shi suna da gajeriyar lambar ciki, kamar GAMES. Rukuni biyu ko uku sun wadatar: wasanni, kayan aiki, da na mai kula da BBS kaɗai, wanda za ka kulle da LEVEL 90, wato sai mai matakin 90 zuwa sama. Allon mai kira harafi 80 ne a faɗi, layi 24 ko 25 a tsaye. Ƙofa arba'in a rukuni ɗaya ba za su zauna a ciki da kyau ba.

A cikin rukunin ka sake danna Insert don ƙara ƙofa. Filayen suna da yawa, amma waɗanda suke yanke hukunci kaɗan ne. Internal Code suna ne na cikin gida da sauran sassan BBS ke kiran ƙofar da shi, ka zaɓe shi sau ɗaya ka bar shi. Start-up Directory foldar da BBS zai shiga kafin ya tayar da manhajar, a rubuta ../xtrn/lord. Command Line shi ne umarnin, kuma yana karɓar alamomi da BBS ke cikewa lokacin kira:

%# lambar nod
%n foldar nod ɗin
%f cikakkiyar hanyar takardar rakiya
%h lambar soket

Yadda za a cika sauran ya danganta da irin ƙofar, kuma iri uku ne.

Mafi sauƙi ita ce wadda aka rubuta da JavaScript don Synchronet. Umarninta yana farawa da alamar tambaya, kamar ?lord.js, ba ta buƙatar takardar rakiya don a cikin BBS ɗin take gudu. Da yawansu suna zuwa da fayil mai suna install-xtrn.ini, sai kawai ka ce jsexec install-xtrn ../xtrn/lord, ya yi maka tambayoyi ya cika filayen da kansa. Wanda bai taɓa haɗa ƙofa ba, da wannan ya kamata ya fara, ya tabbatar jerin yana aiki kafin ya taɓa DOS.

Ta biyu ita ce wadda aka gina don Windows ko Linux kai tsaye. A nan Native Executable ya zama Yes, takarda DOOR32.SYS, hanyar shige da fice (filin I/O Method) kuma Socket in ƙofar da kanta take magana da soket, ko Standard in rubutu kawai take zubarwa a allo kamar kowace manhajar layin umarni. In aka sa Standard ga ƙofar da ke jiran soket, ko akasin haka, mai kira zai zauna yana kallon baƙin allo.

Ta uku ita ce tsohuwar ƙofar DOS, a nan ne aikin yake. Waɗannan an rubuta su ne lokacin da modem ke maƙale a tashar COM, ba su san telnet ba. Abin da ke shiga tsakani shi ne direban FOSSIL, wanda yake nuna wa ƙofar kamar akwai modem. A zamanin DOS X00 ko BNU ake lodawa. Synchronet a Windows yana da nasa, don haka ka zaɓi FOSSIL a hanyar shige da fice, Native Executable ya zama No. Sai dai Windows mai bit 64 ba ya tayar da manhajar bit 16 da kansa, dole a nemi mai bit 32 ko a sa NTVDMx64. A Linux kuwa DOSEMU ake amfani da shi, a kunna shi a sbbs.ini da UseDOSemu=true. A can Synchronet yana nuna wa ƙofar foldar nod a matsayin D:, don haka hanyar takarda a saitin ƙofar D:\ ce, ba /sbbs/node1 ba.

Ita ma ƙofar tana da nata saitin, kuma mutane sukan manta da shi. A LORD na DOS, LORDCFG ake buɗewa a cika wa kowane nod nasa: irin takarda, inda take, da cewa a yi amfani da FOSSIL. In kana da nod huɗu, saiti huɗu za ka yi. Umarnin a scfg sai ya zama start.bat %#. Wanda ya saita nod na 1 kaɗai zai ga komai lafiya lau ranar gwaji, domin shi kaɗai ne a ciki. Ranar da mutum na biyu ya kira ya faɗa nod na 2, ƙofar za ta jefo shi waje.

Filin Place Drop File In ya cancanci a tsaya a kansa. Zaɓi Node Directory. In ka ajiye takardar a foldar ƙofar, kowa a fayil ɗaya zai riƙa rubutu: Audu ya shiga, kafin manhajar ta gama tashi Binta ta shigo ta rufe takardarsa da tata, sai Audu ya tsinci kansa yana wasa da sunan Binta da dukiyarta. Akwai tsoffin ƙofofi da suka kafe sai takardar ta kasance a foldarsu. Irin waɗannan ka bi su, amma ka mayar da Multiple Concurrent Users zuwa No, BBS ya hana mutum na biyu shiga har na farko ya fito. Haka ma duk ƙofar da bayaninta bai ce tana ɗaukar mutane da yawa ba. Lalacewar fayil ɗin maki bayan wata uku ana wasa ba ta gyaruwa.

Akwai filaye biyu masu kama da juna. Access Requirements yana ɓoye ƙofar daga wanda bai cika sharaɗi ba, ko ganinta ba zai yi ba. Execution Requirements yana barin ya gan ta a jeri, amma in ya danna a hana shi. Sharuɗɗan da kalmomi ake rubuta su: LEVEL 50, AGE 18, ANSI, NOT GUEST, ana haɗa su da AND. Wasan da ke adana maki, a hana shi ga asusun baƙo, tunda mutane da yawa ne ke shiga da suna ɗaya. Modify User Data kuma a bar shi No, sai ga ƙofar da aikinta ke nan, kamar bankin lokaci.

Fita daga scfg tare da adanawa. BBS zai sake karanta saitin idan layukan suka zama babu kowa. In an daɗe bai yi ba, ƙirƙiri fayil mara komai mai suna recycle a foldar ctrl. A tsarin Synchronet na asali, harafin X daga babban jeri shi ke kai mutum ƙofofi.

Jerin da BBS ke tsarawa da kansa yana aiki, ana kuma iya daidaita shi a modopts.ini ƙarƙashin xtrn_sec, a raba shi gida biyu gefe da gefe ko a jera da haruffa. Mai son nasa zane zai ajiye fayil mai suna xtrn_sec a text/menu don rukunoni, da wani a text/menu/xtrn mai ɗauke da lambar cikin rukunin don ƙofofinsa. A nan akwai tarko. Zanen hoto ne kawai, lambobin gaskiya daga BBS suke fitowa, kuma yana ƙirga ƙofofin da wannan mai kiran ke da izinin gani ne kaɗai. In ka ɓoye ƙofa ta 2 daga sababbin shiga, wadda ka zana a matsayin ta 3 ta zama ta 2 a wajensu. Maganinsa, a rukunin da aka yi wa zane a taƙaita da Execution Requirements, ko a tura ɓoyayyun ƙarshen jeri. Duk lokacin da ka ƙara ƙofa a tsakiya, zanen ma sai an gyara.

In ƙofa ta buɗe ta rufe nan take, kunna Pause After Execution ka karanta abin da ta faɗa kafin allon ya share. Runtime error 200 alama ce ta manhajar da aka gina da Turbo Pascal 7: lissafin jinkirinta yana fashewa a injin da ya wuce wajen megahaz 200, kuma akwai faci da ake yi wa fayil ɗin EXE, bayan an warware shi in a matse yake. In ta ce ba ta ga takarda ba a Linux, duba haruffa, don DOOR.SYS da door.sys fayil biyu ne a can. Scfg yana tambaya ko a rubuta sunan da ƙananan haruffa. In wasan yana fitowa a allonka amma mai kira ba ya ganin komai, ƙofar ta ɗauka a kan injin ake zaune, wato ta ga COM0 ko ba ta samu FOSSIL ba. Zane ya zama tarkacen haruffa kuwa, laifin manhajar kira ne da ke karanta tsohon tsarin haruffan DOS, CP437, a matsayin na zamani, UTF-8. Gwada da SyncTERM. Fayil ɗin BAT da aka gyara a Linux yakan rasa ƙarshen layi irin na DOS, a bi da shi ta unix2dos. Abin da ya gagara, duba data/error.log.

Wasanni da yawa suna buƙatar gyaran dare don sabunta rana. In bayanin ƙofar ya ambaci haka, sa umarnin a Timed Events, a lokacin da ba kowa.

Gwajin ƙarshe kada ka yi shi da asusunka na mai kula, don shi ba a hana shi komai. Buɗe asusu biyu na talaka, ka kira ta taga biyu a lokaci guda, ka shiga ƙofa ɗaya da dukansu, ka duba kowa sunansa ya gani. Sannan ka rufe taga ɗaya da ƙarfi ana tsakiyar wasa, ba tare da fita ba. Nod ɗin ya kamata ya koma jiran kira cikin ɗan lokaci. In ya maƙale yana nuna mutum na ciki, ƙofar ba ta gane yankewar layi ba: sa mata iyaka a Maximum Time ƙarƙashin Time Options, kunna Monitor Time Left, ka maimaita gwajin a kowane nod da kake da shi.