Kwana a bakin kogi, neman ɓoyayyen akwati da ziyarar baraji: kurakuran da aka fi yi

Da zarar sanyi ya shigo Yamai, sai ƙannena da abokansu su fara zuwa min da shawara iri ɗaya. Suna son su fita ranar Asabar da safe, su kafa tanti a bakin kogin Isa, wato kogin Neja, su yi wasan neman ɓoyayyen akwati da GPS, wanda Turawa ke kira jiyokashin, ranar Lahadi kuma su biya ta barajin da ke ba da kuran, wato wutar lantarki, kafin su dawo gida. Ina son wannan shawara ƙwarai, don yaron da ya kwana ƙarƙashin taurari ya kuma ga inda wutar ɗakinsu ke fitowa ba zai koma yadda yake ba. Amma na yi irin wannan fita sau da yawa, na ga inda ake tuntuɓe, kuma kusan kullum wuri ɗaya ne.

Kuskuren farko yana faruwa tun ana zaune a tsakar gida: ba a san wane baraji ake nufi ba. Wasu suna tsammanin shingen da ke cikin kogi a unguwar Gudel, nan Yamai, shi ne. Wannan shinge ruwa yake tarewa domin injinan da ke tura wa gari ruwan sha su samu abin zuƙa a lokacin rani, kuma duk wanda ya san cewa a 1985 kogin ya daina gudu a Yamai zai gane amfaninsa. Ba ya ba da wuta. Tashar Goru Banda kuwa tana ba da wuta, amma da mai da hasken rana take aiki. Wutar ruwa da muka daɗe muna sha daga Najeriya take zuwa, ta layin da ya biyo ta Birnin Kebbi, kuma babban tushenta barajin Kainji ne a jihar Neja, wanda aka gama a 1968, mai ƙarfin megawat 760. Mun ji a jikinmu lokacin da aka yanke layin a watan Agusta na 2023, har zuwa Maris na 2024. Namu na gida shi ne Kandaji, kimanin kilomita 180 daga Yamai, a jihar Tilaberi, kafin a kai Ayoru. Shugaba Tandja Mamadu ya aza tubalinsa a 2008, aikin ya tsaya, aka sake tayar da shi a 2019 a hannun wani kamfanin Sin. An tsara ya ba da megawat 130 ya kuma shayar da gonaki masu faɗi, kimanin hekta 45,000. Wanda ya nufi Kandaji ya sani wurin gini ya nufa.

Gyaran wannan kuskure shi ne a raba tafiyar gida biyu. Kainji ƙetare iyaka ne, ba a zuwa a dawo cikin kwana biyu har a haɗa da kwanan daji. Kandaji kuma ba wurin da za ka tuƙa mota ka tsaya a ƙofa ka yi sallama ba ne. Akwai hukumar da ke kula da barajin, ofishinta na nan Yamai. A rubuta mata takarda makonni kafin ranar, da sunan makaranta ko ƙungiya, da sunayen masu zuwa, da lambar mota, da dalilin ziyarar, sannan a jira amsa a rubuce. Asabar da Lahadi ofisoshi a rufe suke, wanda za ka tarar a ƙofa ba shi da ikon ba ka izini, kuma matsa masa da roƙo zalunci ne a kansa. Ga kuma maganar tsaro, wadda ba na wasa da ita: sassa da dama na jihar Tilaberi suna ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, an hana babura yawo a wasu wurare. Idan hukuma ta ce a dakata, a dakata. Zangon da wasan akwati sai a yi su kusa da gari, a wurin da jandarma suka ce ba matsala, barajin a bar shi sai ranar da takarda ta fito.

Idan Allah ya sa ta fito, kowa ya riƙe katin ɗan ƙasa, ya sa takalmi rufaffe, kada a ɗaga waya don hoto sai an tambaya, ƙaramin jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto kuwa a bar shi a gida. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a samu injiniya a tsaye, a shirye ya yi bayani, a rasa mai tambaya. Aikin baraji a fili yake: ana tare ruwa ya yi tsawo, a sake shi ta cikin manyan bututu ya faɗa kan farfela, farfela ta juya janareto. Ƙarfin wutar ya dogara ga tsawon faɗuwar ruwa da yawansa. Sai a tambayi injiniya yadda za su yi a watan Mayu da kogi ke ƙafewa, da yadda yashi ke cike tafki, da inda aka kai mutanen da ruwa zai ci garuruwansu. A Kainji tsohon garin Busa ya nutse, aka gina wa mutanensa Sabuwar Busa. Kuma a kowane baraji mai aiki, ba a zama ko wanka a ƙasansa, domin idan aka buɗe ƙofofi ruwa kan hau cikin ɗan lokaci.

Shi wasan akwatin ya samo asali ne a Amurka. Ranar 2 ga Mayu 2000 gwamnatinsu ta daina gurɓata saƙon GPS da farar hula ke samu, wanda a da yakan kauce da kusan mita 100. Washegari wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a jihar Oregon, ya sa lambobin wurin a intanet, ya ce mai iyawa ya nemo. Yau akwatunan da aka yi wa rajista a duniya sun haura miliyan 3. Sai dai a ƙasarmu kaɗan ne, kuma wanda ka gani a manhaja mai yiwuwa ya shekara da shekaru ba a taɓa shi ba. Kuskure ne a kwashi yara a tafi neman irin wannan. A duba ranar da aka yi samun ƙarshe. Abin da ya fi, mutum biyu daga cikinku su riga ku zuwa su ɓoye akwatuna huɗu ko biyar, su ba sauran lambobi.

A wajen lambobin nan ne aka fi ɓata. Ana rubuta wuri ta hanya fiye da ɗaya. Masu wasan sun saba da digiri da minti, kamar N 13° 30.000, taswirar waya kuma ta fi nuna digiri da ɗigo, inda wannan wurin zai zama 13.5. Wanda ya ga 13° 30 ya buga 13.30 ya kauce da minti 12, kowane minti kuwa mita 1,852 ne, wato ya bar wurin da kilomita 22 zuwa kudu. Yamai tana wajen digiri 13 da rabi a arewa, digiri 2 da ɗan ɗori a gabas. Ka sa W, wato yamma, a madadin E, wato gabas, alamar ta faɗa Burkina Faso, wajen Wahiguya. Ka juya lambobin biyu, ta faɗa dajin da ke iyakar Kamaru da Kongo. Maganinsa mai sauƙi ne: tun a gida kowa ya daidaita wayarsa kan tsari ɗaya, a gwada da lambobin ƙofar gidanku, mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi wani ya duba abin da aka buga.

GPS ba ya buƙatar intanet, daga tauraron ɗan adam yake karɓar saƙo kai tsaye. Taswirar ce ke buƙata, don haka a sauke ta cikin waya kafin a bar gari, a kuma tafi da batirin ajiya, don allon da ke kunne cikin rana yana shan caji. Waya za ta kai ka mita biyar zuwa goma daga akwatin, ba za ta ɗora hannunka a kansa ba. Na sha ganin mutum yana zagaye wuri guda idonsa a kan allo, kibiya tana juyi. Idan ka kai nan, sa waya a aljihu, ka tambayi kanka: da ni ne, ina zan ɓoye? Kuma da sanda ake fara taɓa rami ko gindin dutse. Kunama da kububuwa su ma inuwar suke so.

Yanzu ga kuskuren da ya fi duka nauyi a wurina. Wata shekara muka ɓoye gwangwani a kogon wani gawo, a gefen wata gona da ba mu tambayi mai ita ba. Da yamma muna tsaye muna lalube, kowa da waya a hannu, sai ga wani dattijo da samari uku a bayansa, fuskokinsu ba walwala. Na gaishe shi na ce, “Baba, wasa ne muke yi, ba wani abu ba.” Ya dube ni ya ce, “Ɗana, a wannan zamani baƙo ya zo ya binne ƙarfe a gonata ya tafi, ka ce min wasa? Tun safe na hana jikokina zuwa nan.” Na rasa amsa, domin gaskiyarsa ce. Mutanen da suka ji labarin nakiyoyin da ake dasawa a hanya, mun sa su wuni cikin fargaba saboda nishaɗinmu. Muka buɗe gwangwanin a gabansa, muka ba shi haƙuri, muka bi shi wajen maigari.

Tun daga ranar, kafin a sauke ko tabarma, wajen maigari muke fara zuwa, da goro ko sukari da shayi, da wanda ya iya Zabarmanci a cikinmu, tunda ƙauyukan bakin kogi galibi shi suke ji. A ce masa, ranka ya daɗe, ga mu, ga yawanmu, ga abin da za mu ɓoye, ga lokacin da za mu kwashe. A nuna masa akwatin a buɗe. Ya zama na roba mai nuna abin da ke ciki, da rubutu a jikinsa da Hausa da Faransanci cewa na wasa ne, da lambar wayar ɗaya daga cikinku. Kada a binne shi, wannan ma dokar wasan ce a ko’ina. Kada a sa shi kusa da gada, ko baraji, ko turken kuran, ko barikin soja, ko maƙabarta. Abin da na lura shi ne, idan aka yi haka, yaran garin kan shiga wasan, kuma sun fi mu ido nesa ba kusa ba. Maigarin ne kuma zai ce maka kada ka kwana can, kwana nan.

A cikin akwati takardar sa hannu da fensir da ƙananan kyaututtuka sun isa. Abinci ko alewa suna jawo tururuwa da awaki. Wanda ya ɗauki abu ya ajiye wani mai daraja kamarsa, ya mayar da akwatin yadda ya same shi.

Wurin kwana kuma, yashin ƙorama mai laushi yana jan hankali, amma da damina ruwan da aka yi a nesa yakan zo cikin dare ba tare da ɗigo ya sauka a kanka ba. Da sanyi mutane sukan ɗauka kogi ya ja baya tunda ruwan sama ya ɗauke. Ba haka kogin Isa yake ba. Sau biyu yake cika a Yamai: jan ruwa na Agusta da Satumba, sannan ruwan da ya taso daga tsaunukan Gini, wanda ya daɗe yana ratsa fadamun Mali, ya iso mana wajen Disamba da Janairu. Tsibirin da ka sani da rani mai yiwuwa yana ƙarƙashin ruwa a lokacin. A kafa tanti a kan tudu. A kuma tambayi masunta inda dorina ke fitowa kiwo, domin da dare take hawowa, kuma shiga tsakaninta da ruwa halaka ne. Idan ka ga faffaɗar hanya a cikin ciyawa ta fito daga kogi, ka matsa nesa.

Ruwan sha kullum shi ke fara ƙarewa. Ina lissafa lita biyar ga kowane mutum a yini, ban da na girki da alwala, na kuma ƙara bido ɗaya da ba a taɓawa. Wanka a ruwan da ke kwance a gefen kogi yana kawo tsargiya. Masu cewa da sanyi babu sauro ba su kwana kusa da gonakin shinkafa ba, gidan sauro dole ne. Bargo ma haka, don sanyin asubahin Janairu a bakin ruwa ya wuce abin da ɗan birni ya sani a ɗakinsa. A tafi da gawayi daga gida maimakon sarar itacen mutane, a kashe wuta da ruwa da ƙasa kafin a kwanta, tunda busasshiyar ciyawar nan abincin dabbobin wani ce. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a sa ƙafa. Afrilu da Mayu kuwa, da zafi ke haura digiri 40, ba na fita da yara ko kaɗan.

Ranar Lahadi ana yawan jan jiki, a sake ɗora shayi, har magariba ta riski mutane a hanya. Mukan naɗe tanti bayan azahar. Wanda ya ɓoye akwatuna ya bi jerinsa ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya har su cika, a tattara leda da gwangwanayen sardin a buhu a dawo da su gari, a koma wajen maigari a yi sallama a gaya masa ba a bar komai ba. Mutumin da aka bar wa sunan ƙauyen da lokacin dawowa a gida, a buga masa waya da zarar an hau kwalta, a shigo Yamai kafin rana ta faɗi.