In firgici ya taso ma yaro

Ɗiyanmu da suka ga harin 'yan bindiga, wani babur kawai zai wuce ki ga jikin yaro na kyarma, numfashi sama-sama, abin tausai wallahi.

Da farko kar ki daka mai tsawa, kore masu kallo. Durƙusa gabanai ki kira sunanshi, ki ce ina nan, gida muke. Sai ku yi numfashi tare, ki ƙirga 4 ya shaƙa, 6 ya fesar a hankali, ku yi ta yi har ya lafa, sannan ya lissafa miki abu 5 da yake gani, ko buta ko tabarma.

Kar ki matsa mai da tambaya. A yi addu'a, amma in mugun mafarki da firgitar sun wuce wata 1 ku tai asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a jihar Sakkwato, kar ki sawo mai maganin barci a kemis.