Daga minti ɗaya zuwa kilomita 21: yadda ake koyon gudu a gina nisa

Yawancin masu fara gudu sauri ne ke korar su. Mutum zai ɗaura takalmi ranar farko ya kwasa da iya ƙarfinsa, kafin minti uku haki ya tare shi, ƙirji ya ɗau zafi, sai ya yanke cewa gudu ba nasa ba ne. Wanda ya daure ya wuce nan kuma, wani tarkon na jiransa wajen mako na huɗu ko na biyar: numfashi ya daidaita, jiki ya fara jin daɗi, sai ya ninka nisa a mako guda, ƙwauri ko gwiwa su kwantar da shi.

Akwai dalili. Zuciya da huhu da tsoka suna sabawa da aiki cikin 'yan makonni, amma ƙashi da gaɓoɓi da jijiyoyin da ke haɗa tsoka da ƙashi sai sun ɗauki watanni, jijiya ma musamman, don jinin da ke kai mata kaɗan ne. A kowane taku na gudu ƙafa tana ɗaukar nauyin da ya ninka na jikinka sau biyu zuwa uku. Mai taku 160 a minti, in ya yi rabin awa, ya dira sau 4,800 ke nan. Saboda haka za ka ji kana da ƙarfin ƙarawa tun kafin ƙafarka ta shirya, kuma duk tsarin da ke ƙasa an gina shi ne don a jira ƙafar.

Kafin ka fara

Mai ciwon zuciya, hawan jini, ciwon suga ko asma, da mai ciki, da wanda ya manyanta kuma ya daɗe bai motsa jiki ba, su fara da ganin likita. Wanda ba zai iya tafiyar minti 30 da hanzari ba tare da tsayawa ba, ya yi mako biyu ko uku yana tafiyar kawai.

Kayan da ya zama dole takalmi ne. Ba sai mai tsada ba, amma ya zama na gudu, mai laushin ƙasa, kuma ya zauna daidai. Ka gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da safar da za ka riƙa gudu da ita. A bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsar ƙafa mafi tsawo da bakin takalmin, in ba haka ba farce zai yi baƙi in nisa ya ƙaru. Dunduniya kuma kada ta riƙa zamewa. Takalmi yakan gaji tsakanin kilomita 500 zuwa 800, ko da samansa bai yage ba, domin soson ƙasan ne ke mutuwa. Safar auduga tana riƙe gumi, ta jawo bororo. Mai roba-roba ta fi. Mata su nemi rigar mama ta wasanni mai riƙewa sosai.

Makonni goman farko

Sau uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Kowace fita ta fara da tafiyar hanzari ta minti biyar, ta ƙare da wata minti biyar. A tsakiya ne ake cuɗa sassarfa da tafiya.

Makon farko: sassarfa minti 1, tafiya minti 2, sau takwas. Mako na biyu a mai da sassarfar minti ɗaya da rabi, sau bakwai. Na uku, minti 2 da minti 2, sau bakwai. Na huɗu, sassarfa minti 3, tafiya 2, sau biyar. Na biyar, minti 5 da 2, sau huɗu. Na shida, minti 8 da 2, sau uku. Na bakwai, minti 12 sau biyu da tafiyar minti 2 a tsakani. Mako na takwas ka yi minti 20 a jere, na tara 25, na goma 30.

In wani mako ya yi maka nauyi, maimaita shi. Mutane da yawa sukan maimaita na biyar ko na shida, kuma hakan bai rage musu komai ba. Abin da ba a so shi ne tsallake mako don ka ji ƙarfi.

Yanzu maganar saurin, wadda ita ce ta fi kowace muhimmanci. Ma'aunin shi ne magana: ya zamana kana gudu kana iya faɗin jimla cikakkiya ba tare da numfashi ya yanke ta ba. In kalma biyu-uku kawai ke fita, ka yi sauri, rage. Ga sabon shiga wannan yakan kama minti 7 zuwa 9 a kilomita, wani ma ya fi haka, har ya ga kamar mai tafiya da sauri zai iya wuce shi. Ba komai. A wannan saurin ne jiki ke ƙara ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, yake koyon ƙona kitse, zuciya take ƙara yawan jinin da take turawa a bugu ɗaya. Hatta ƙwararrun masu dogon gudu mafi yawan atisayensu a hankali suke yin sa. Masu agogon da ke auna bugun zuciya sukan yi lissafin 220 a cire shekaru don gano iyakar bugun, sannan su tsaya wajen kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari. Lissafin ƙiyasi ne, yakan kauce da bugu goma ko fiye a kan mutum guda, don haka in agogo da numfashinka suka saɓa, bi numfashin.

Game da yanayin jiki ba sai an tsawaita ba. Miƙe tsaye, ido a gaba, kafaɗa a sake, hannu a lanƙwashe yana kai da komowa gaba da baya. Kuskure ɗaya ne ya cancanci a sa masa ido: miƙa ƙafa can gaba ta dira da dunduniya gwiwa a sanƙare. Wannan birki ne kake taka wa kanka, kuma gwiwa ce ke biya. Gajarta takun, ƙafa ta riƙa sauka kusa da ƙarƙashin ƙugu. Numfashi kuwa a yi shi ta hanci da baki duka.

Daga minti 30 zuwa kilomita 10

Da ka kai minti 30 a jere, tsaya nan mako uku ko huɗu kada ka ƙara komai. Wannan zaman shi ne mutane suka fi tsallakewa, alhali a cikinsa ne ƙashi da jijiya ke kamo huhu. Minti 90 na gudu a mako ya riga ya wuce minti 75 na motsa jiki mai ƙarfi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu, don haka wanda lafiya kawai yake nema ya isa inda za shi. Kilomita 5 za ta zo da kanta, yawanci cikin minti 35 zuwa 40.

Mai son nisa sai ya ware fita ɗaya a mako ta zama doguwa, sauran biyun su tsaya a kilomita 5. Doguwar ta riƙa ƙaruwa da kilomita ɗaya: 6, 7, 8, sannan a mako na huɗu a sauko 5 ko 6, a sake hawa 8, 9, 10. Makon saukowar nan wajibi ne. Gudu yana ɗan raunana jiki ne, a lokacin hutu jiki ke gyarawa ya ƙara ƙarfi, kuma in ba a ba shi sarari ba raunin taruwa yake yi.

Akwai ƙa'idar da ta yaɗu, cewa kada jimillar nisan mako ta ƙaru da fiye da kashi 10 cikin ɗari. Ba doka ba ce, kuma ga mai kilomita 10 a mako ta yi tsauri da yawa, amma tana hana mutum tsalle daga 20 zuwa 30. Abin da ya fi ta amfani shi ne kada a ƙara abu biyu a mako ɗaya. In ka ƙara nisa, bar sauri yadda yake. In ka ƙara rana ta huɗu, raba nisan da kake yi a kan kwana huɗun tukuna. In ka shigo da hawan tudu, kada ka tsawaita doguwar fitar.

Sauri yana da lokacinsa, bayan wata uku ko huɗu na gudu ba yankewa. Fara da abu kaɗan: a ƙarshen fita mai sauƙi, ka saki ƙafa na daƙiƙa 20, ka yi tafiya minti ɗaya, sau huɗu zuwa shida. Sau ɗaya a mako ya isa.

Sau biyu a mako kuma ka ba ƙarfafa ƙafa minti 15: tsugunna-tashi, ɗaga dunduniya kana tsaye a bakin matakala, hawa da sauka a kan dakali da ƙafa ɗaya, da ɗaga ƙugu kana kwance rigingine. Kowanne sau 10 zuwa 15, zagaye biyu ko uku. Ƙugu mai rauni yana barin gwiwa ta karkata ciki a kowane taku, kuma daga nan ciwon gwiwa da yawa ke farowa.

Ciwon da za a jure da wanda za a tsaya

Tsamin jiki da ke zuwa kwana ɗaya zuwa uku bayan atisaye, a ƙafafu biyun, wanda ke sakewa in an motsa, ba abin damuwa ba ne. Wanda ake tsoro shi ne na wuri ɗaya, a ƙafa ɗaya, mai ƙaruwa yayin gudu ko mai sa ɗingishi.

Ciwon gefen ƙwauri na ciki shi ya fi kama sababbi, kuma kusan kullum ƙarin nisa da gaggawa ne silarsa. Rage rabi, koma cuɗa gudu da tafiya, nemi ƙasa ko ciyawa maimakon kankare. Amma in ciwon ya tattaru a wurin da yatsa ɗaya zai rufe, kana danna ƙashin kana jin zafi, ko yana damunka ko da tafiya kake ko kana kwance da dare, daina gudu ka je asibiti, don yana iya zama ƙashi ne ya fara tsagewa. Ciwon kewayen ƙoƙon gwiwa yakan tashi wajen sauka matakala ko bayan dogon zama. Agara in ta ƙage da safe, ko tafin ƙafa kusa da dunduniya ya yi zafi a takun farko bayan tashi daga barci, alama ce jijiya ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta. Duk waɗannan, in an rage aiki da wuri sukan lafa. In an danne su da maganin ciwo aka ci gaba, sai su ci watanni. Ciwon da ya wuce mako biyu bai sauka ba yana bukatar likitan gashin ƙashi.

Ciwon ƙirji, jiri, bugun zuciya da ya rikice, ko numfashin da ya ƙi dawowa bayan an tsaya, waɗannan a tsaya nan take a nemi likita. Sukar gefen ciki kuwa ba haɗari ba ce: rage sauri, fitar da numfashi da ƙarfi, kuma ka bar awa biyu tsakanin cin abinci mai nauyi da gudu. Gajiyar da ba ta tafiya duk da hutu, musamman ga mata, ta cancanci gwajin jini.

Ruwa, zafi da abin ci

Gudun da bai kai awa ɗaya ba, in ba ana zafi ba, ba ya bukatar ɗaukar komai. In ya wuce haka, sha gwargwadon ƙishi. Don sanin gumin da kake zubarwa, auna nauyinka kafin fita da bayan dawowa: kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa. In nauyin ƙaruwa ya yi, ka sha fiye da kima, kuma wannan ma haɗari ne, don yawan ruwa yana tsinka gishirin jini. A lokacin zafi a fita da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi, a rage sauri, a ba jiki kwana 10 zuwa 14 ya saba. Ruɗewa, tangaɗi ko amai cikin zafi lamari ne na gaggawa: inuwa, ruwan sanyi a jiki, asibiti.

Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta yakan yi ƙasa bayan kamar minti 90 zuwa awa biyu. Saboda haka in fita za ta wuce minti 90, fara ci tun wajen minti 45, giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci a kowace awa. Ayaba matsakaiciya tana da kusan giram 25. Gwada wannan a atisaye, don ciki ma sai ya saba. Shafa basilin a cinyoyi da hammata da kan nono kafin doguwar fita, saboda gogar tufa da gumi tana saɓule fata. A bakin titi kuma ka fuskanci motocin da ke tahowa, da kaya masu haske in da duhu.

Rabin famfalaki da abin da ke bayansa

Rabin gudun famfalaki kilomita 21.1 ne. Wanda kilomita 10 ta zame masa abin yau da kullum na wata biyu zai iya shirya masa cikin mako 12 zuwa 16, da fita huɗu a mako, jimilla kilomita 30 zuwa 40. Doguwar fita ta riƙa ƙaruwa da kilomita ɗaya ko biyu har ta kai 16 zuwa 18, kada ta wuce rabin jimillar makon, kuma a riƙa saukowa duk mako na huɗu. Kwana goma kafin tsere a rage nisa zuwa kusan rabi. Ranar tseren kada ka sa sabon takalmi, kada ka ci abin da ba ka gwada ba, kuma kilomita uku na farko ka yi su ƙasa da saurin da kake jin za ka iya, domin taro da ɗoki suna jan mutum ya kwasa.

Cikakken famfalaki, kilomita 42.195, nisan da aka gada daga gasar Olamfik ta Landan a 1908, ya fi dacewa da wanda ya shekara yana gudu kuma ya gama rabin sau ɗaya ko biyu lafiya. Shirinsa mako 16 zuwa 20 ne, doguwar fita ta kai kilomita 30 zuwa 32, da ragewa na mako biyu zuwa uku a ƙarshe.

In rashin lafiya ko aiki ya yanke maka atisaye, hutun mako ɗaya ba ya rage komai, ci gaba daga inda ka tsaya. In ya kai mako biyu ko uku, dawo da rabin nisanka na da ka hau cikin mako biyu. In ya wuce wata biyu, koma cuɗa sassarfa da tafiya daga tsarin mako na huɗu ko na biyar.