Yadda Ake Karanta Tsohon Yanayin Alaska a Ƙurar Fure

Da farko ka kafa bututun haƙa a fadamar ruɓaɓɓun tsirrai, ka zaro laka santalele. Kada ka bari ta hautsine, domin ta ƙasa ita ce tsohuwa. Sai ka yayyanka ta santimita ɗaya-ɗaya, ka aika wasu yanka a gwada shekarunsu da kabon-14.

Dafa sauran a ruwan sinadarin fotashiyam haidurokusaid, ka tace. Ɗiga a gilashi, ka ƙirga ƙwayar ƙurar fure aƙalla 300 a madubin likita. Nan ido ke raina fata.

In ƙurar ciyawa da ta dangin tazargade suka rinjaya, zamanin sanyi ne da ƙarancin ruwa. Ƙurar bishiyoyi kuwa ɗumi take nunawa, amma yi hattara, iska kan kwaso ta daga kudu mai nisa.