Yadda ake bibiyar furotin a fitsari bayan kumburin jijiyoyin jini

Jajayen ɗigo-ɗigon nan da suka feso a ƙafafu, waɗanda ko an danna ba sa gushewa, sukan washe cikin 'yan makonni, ciwon gaɓoɓi da na ciki su lafa. A nan mutane ke sakin jiki. Alhali wannan ciwo na kumburin jijiyoyin jini da ke kawo su, wanda likitoci ke kira IgA vasculitis, ya fi yi wa ƙodar manya illa fiye da ta yara. Ƙoda kuwa ba ta kuka, sai dai matatanta su riƙa yoyon furotin a ɓoye.

Da farko ka nemi a auna fitsarinka da hawan jininka tun ranar da aka gano ciwon, a riƙa maimaitawa aƙalla wata 6, ko da jiki ya yi garau.

Fitsarin farko na safe za ka kai, cikin kwalba mai tsabta. Zazzaɓi, aikin ƙarfi da jinin al'ada suna rikita sakamako, don haka ka gaya wa likita in akwai ɗaya.

Tsinken gwajin da ke sauya launi in an tsoma shi a fitsari manuniya ce kawai. In ya nuna furotin ko jini, a yi awon da ke kwatanta furotin da kiriyatinin (wani dattin jiki da ƙoda ke tacewa daga jini zuwa fitsari), ko a tara fitsarin awa 24. Wajen tarin ake yawan kuskure: na farkon safiya zubarwa ake, sannan a tara duk wanda ya biyo baya, har da na farkon washegari. Ko sau ɗaya ka manta, lissafi ya ɓaci.

Lafiyayye ba ya zubar da furotin fiye da miligiram 150 a rana. Idan naka ya tsaya sama da rabin giram, lokacin ganin likitan ƙoda ya yi, kuma zai iya ɗebo ɗan yankin ƙoda da allura don dubawa. Kada tsoron allurar ya hana ka, ita ke nuna zurfin ɓarnar. In furotin ɗin ya kai giram 3.5 a rana, sai ka ga kumfa ta ƙi kwanciya a fitsari, idanu sun kumbura da safe, yatsa na lotsawa a ƙwauri.

Magunguna irin su lisinopril ko losartan suna rage yoyon, amma mai ciki ba ta shan su, kuma ana auna sinadarin fotashiyam da kiriyatinin na cikin jini mako 1 zuwa 2 bayan farawa. Rage gishiri. Ka nisanci ibuprofen da diclofenac ko da gaɓoɓi na ciwo.

Ranar da fitsari ya ragu ƙwarai ko ya koma ja-ja, kada ka jira ranar komawa asibiti, tafi a lokacin.