Babi na Tara: Kula da Yaron da Aka Yi wa Aiki a Gwiwa

Darasi na 1: Me ya sa sai an yi tiyata?

Ƙashin yaro daban yake da na babba. Sama da gwiwa da ƙasa da ita akwai guringuntsi mai laushi, daga nan ƙafa take ƙara tsawo. Na ƙarshen ƙashin cinya kaɗai yana ƙara kusan santimita 1 a shekara. In karaya ta ratsa wurin, ƙashi ya goce, aka bar shi haka, ƙafar na iya gajarcewa ko ta karkace.

Yaro ɗan shekara 8 zuwa 14 in ya faɗo daga keke, guntun ƙashi kan ɓalle a can cikin gwiwa. Matashi mai tsalle wajen ƙwallo kuwa, ɗan tudun da ke ƙasa da ƙoƙon gwiwa ne kan fizge. Likita zai ɗauki hoton ƙashi. In gocewar ta yi yawa, sai ya mayar da ƙashin mazauninsa, ya riƙe shi da siraran wayoyin ƙarfe, ko sukuru, ko zare mai ƙarfi. Daga nan a sa siminti daga cinya zuwa ƙasa, yawanci mako 4 zuwa 6. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano na cikin wuraren da ake wannan aiki.

Ranar aiki, kada yaro ya ci komai awa 6 kafin a shiga da shi. Koko ma abinci ne, madara ma haka.

Darasi na 2: Duba yatsun ƙafa

Ku natsu a nan, don nan ne aka fi yin sakaci. Babbar jijiyar jini tana bi ta bayan gwiwa. In kumburi ko siminti ya matse ƙafa, jini ba zai sauka ba, cikin 'yan awoyi nama ya fara mutuwa.

Ga yadda ake yi. Buɗe yatsun a wuri mai haske. Taɓa su: da ɗumi ko sun yi sanyi? Danna farcen babban yatsa har ya yi fari, sannan ka saki. Ƙirga ɗaya, biyu. Kafin ka gama, ya kamata jan ya dawo. Sai ka ce wa yaron ya motsa yatsun, ka tambaye shi ko yana jin hannunka.

Mu sake. Danna, saki, ƙirga biyu. Gwada a farcenka yanzu. Ka ga ya dawo? Madalla, ka iya. Ba ya bukatar karatu, ido da hannu ne kawai. A kwana biyun farko, yi haka duk bayan awa 2 ko 3, har da dare.

In yatsu sun yi sanyi, ko sun dushe, ko yaro ya ce sun mutu, ko ciwo yana ta ƙaruwa duk da magani, musamman in an miƙe masa yatsa ya ƙwalla ihu, a tafi asibiti nan take. Kada a ce bari gari ya waye. Kada a ce raki ne! Sau nawa za a faɗa? Ana kawo yara ƙafa ta riga ta yi baƙi, wasu ma bayan an kwance aikin likita an kai wa mai ɗori ya ɗaure tamau da kara. A lokacin sai dai yankewa. Iyaye, wannan amana ce a wuyanku. Danna, saki, ƙirga biyu.

Ɗora ƙafar kan filo don kumburi ya sauka.

Darasi na 3: Siminti da ciwo

Kada ruwa ya taɓa simintin. Kada a cusa tsinke ciki don ƙaiƙayi. Wari, mugunya ko zazzaɓi na nufin a koma asibiti. Yaro ba zai taka ƙafar ba sai likita ya ce. Wayoyin ana zare su bayan kamar mako 4 zuwa 6. A ci gaba da duba yatsu kullum.

Darasi na 4: Bayan an cire siminti

Gwiwa za ta yi tauri, a yi motsin ƙafar da aka koya wa yaro a asibiti. A riƙa komawa ɗaukar hoto aƙalla shekara ɗaya, ko da yaro yana gudu, don gajarcewar ƙafa ba ta nunawa da wuri.